Kai Kana Ganin Mota, Direba Bai Gan Ka Ba: Jagorar Tafiyar Ƙafa da Dare

Da dare mai tafiya a ƙasa yana hango fitilar mota tun tana can nesa. Hasken ya dallare masa ido, inuwarsa ta miƙe a bayansa, sai zuciyarsa ta ba shi cewa tunda haske ya same shi, ai direba ya gan shi. A nan kuskuren yake, kuma yana cin rayuka. Hasken fitila zuwa ɗaya yake yi ya shiga idonka. Kafin direba ya gan ka kuwa, sai hasken ya zo ya bugi jikinka, tufarka ta shanye mafi yawansa, ɗan abin da ya rage ya juya, ya ratsa gilashin da ƙura ta lulluɓe, sannan ya shiga idon mutumin da wataƙila tun asuba yake riƙe da sitiyari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne. A Amurka, inda ake rubuta lokacin da kowane haɗari ya auku, kusan uku cikin huɗu na masu tafiyar ƙafa da mota ta kashe cikin duhu ta kaɗe su. Wannan a ƙasar da fitilun titi suka wadata ke nan. Sai ka kwatanta da hanyar Kano zuwa Zariya, inda titi ya ratsa tsakiyar garuruwa irin su Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, kasuwa a wannan hannu, masallaci a wancan, jama'a na ta tsallakawa bayan magariba.

Mataki na farko: ka san lissafin da ke tsakaninka da mota

Fitilar mota iri biyu ce: gajeriya da doguwa, wadda direbobi ke kira fulayit. Gajeriyar ita ake amfani da ita a mafi yawan lokaci, musamman a gari ko in akwai mota mai tahowa, kuma ƙasa take kallo. Tana haska titi kamar mita 50 zuwa 60. Amma haska titi daban, gane mutum daban. Wanda ya sa baƙaƙen kaya, direba ba ya gane shi sai ya rage kamar mita 20 zuwa 30. Mai fararen kaya yakan samu kusan ninkin haka. Wanda ya ɗaura abu mai mayar da haske, wato rifilekta, ana hango shi daga mita 125 ko fiye.

Yanzu dubi ɓangaren mota. Dokar hanya a Najeriya ta yarje wa ƙaramar mota gudun kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Motar da ke gudun 50 tana cin mita 14 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 80 tana cin mita 22, mai gudun 100 kuma mita 28. Daga lokacin da direba ya ga mutum zuwa lokacin da ƙafarsa ta sauka kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi takan wuce, motar kuwa ba ta rage komai ba. In ka haɗa wannan da tafiyar da take yi bayan an taka birki a busasshiyar kwalta, mai gudun 50 tana buƙatar kamar mita 35 kafin ta tsaya cak, mai gudun 80 kamar mita 70, mai gudun 100 kuwa kusan mita 100, wato tsawon filin ƙwallo.

Ka ɗora lissafin biyu kan juna. Direba mai gudun 80 ya gan ka a mita 30, alhali mita 33 yake ci kafin ma ya taɓa birki. Ko da direban kirki ne, birkinsa lafiya lau, bai sha komai ba, da cikakken gudunsa zai same ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligin da mota ta kaɗe a gudun 50, yiwuwar ya mutu ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba, amma a gudun 80 ta kusa kashi 60. Saboda haka duk abin da zai biyo baya a kan ƙa'ida ɗaya ya tsaya: ka ɗauka ba a gan ka ba, sai ka ga motar ta rage gudu da idonka.

Mataki na biyu: ka dubi kayan jikinka, ka fara daga ƙasa

Tunda gajeriyar fitila ƙasa take kallo, ƙafafunka take fara samu, sannan gwiwa, sannan ƙugu. Kanka shi ne na ƙarshe. Don haka farar hula ba ta yi maka wani aiki in wandonka baƙi ne. Mutumin da ya sa farar riga 'yar shara da baƙin wando da baƙin takalmi ya sa farin a inda haske bai kai ba tukuna. In abu ɗaya kawai za ka iya canzawa, canza na ƙasa: farin wando, farar safa, takalmi mai haske, zani mai haske.

Ba baƙi kaɗai ke ɓacewa da dare ba. Shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, ruwan toka, kore mai duhu, har ja, duk suna narkewa cikin duhun kwalta. Akwai kuma wani ruɗi game da rigunan nan masu ruwan ɗorawa ko tsanwa shar da ma'aikatan hanya ke sawa. Launin da rana yake aiki, don hasken rana ne ke sa shi ƙyalli. Da dare launin ba ya taɓuka abin kirki. Layukan nan masu ruwan azurfa da aka ɗinka a jikin rigar su ne ke aiki.

Fararen kaya sun fi baƙi, amma kada su ba ka ƙarfin gwiwa fiye da kima. Mita 40 zuwa 60 da suke ba ka sun isa in mota na gudun 50. A hanyar da ake gudun 80 ko 100 ba su isa ba.

Mataki na uku: rifilekta, kuma a gaɓoɓi

Wannan shi ne matakin da na fi son mai karatu ya riƙe, don ya fi kowanne arha kuma ya fi kowanne amfani.

Rifilekta ba ta da hasken kanta. A jikinta akwai mitsi-mitsin ƙwayoyin gilashi, ko ƙananan kusurwoyi na roba, waɗanda ke mayar da haske daidai inda ya fito. Farin yadi watsa haske yake yi ko'ina, ɗan kaɗan ke komawa wurin direba. Rifilekta kuwa tana tattara shi ta mayar wa motar, idon direba kuma yana kusa da fitilarsa.

Inda aka ɗaura ta yana da muhimmanci kamar ita kanta. A 1973 wani masanin halayyar ɗan'adam a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, Gunnar Johansson, ya ɗaura wa mutane ƙananan fitilu a gaɓoɓi, ya sa su tafiya cikin duhu. Masu kallo ba sa ganin jiki, ɗige-ɗigen haske kawai suke gani. In mutumin yana tsaye, ba su san me suke kallo ba. Da ya ɗaga ƙafa, cikin ƙiftawar ido suka gane mutum ne ke tafiya. Ƙwaƙwalwarmu ta san tafiyar ɗan'adam tun kafin mu yi tunani.

Masu bincike Joanne Wood da Richard Tyrrell sun gwada wannan da direbobi na gaske a kan wata rufaffiyar hanya a Ostireliya, suka wallafa sakamakon a 2005. A yanayi mafi muni, wato mutum cikin baƙaƙen kaya, mota da gajeriyar fitila, ga kuma wani haske na dukan idon direba, kashi 5 cikin ɗari kawai na masu tafiyar aka gane. Waɗanda aka ɗaura wa rifilekta a gaɓoɓi, ba tare da haske na dukan ido ba, an gane su duka. Matasan direbobi da doguwar fitila sun gane su tun daga kimanin mita 220. Tsofaffin direbobi da gajeriyar fitila kuwa, ga mai baƙaƙen kaya, har suka zo daidai shi ba su gan shi ba.

Ga yadda za ka yi. Nemi madauri biyu na idon sawu, in da hali ka ƙara biyu na wuyan hannu. In ba ka samu na kanti ba, masu sayar da kayan gyaran mota da babur suna da tef mai mayar da haske, masu kayan ɗinki kuma wasu suna da na yadi. Ko ka sayi rigar ma'aikatan hanya guda ɗaya, tela ya farke layukan jikinta ya yi maka madaurai da roba. Ka tabbata madaurin ya zagaye ƙafar gaba ɗaya, don a gan ka ta gaba da baya da gefe, saboda lokacin tsallaka titi gefenka ne ke fuskantar mota. Faci ɗaya a ƙirji ko a baya ya fi babu, amma ba ya motsi, direba zai iya ɗaukarsa allon hanya ko bayan wata mota da ke nesa.

Kafin ka biya kuɗi, gwada. Akwai tef mai sheƙi kawai wanda ba ya mayar da haske. Ka sa wani ya riƙe shi a wuri mai duhu, ka ja baya kamar taku ashirin, ka ɗora tocilar wayarka a gefen idonka ka haska. Na gaske zai haska fari fat. Ka miƙa hannu gefe da tocilar, za ka ga ya dushe. Wannan dushewar tana koya maka wani abu kuma: direban tirela ko tanka yana zaune can sama, nesa da fitilunsa, don haka rifilekta ba ta yi masa haske kamar yadda take yi wa mai ƙaramar mota. Ga shi kuma motarsa ta fi wuyar tsayawa. In babbar mota ce ke tahowa, matsa mata ko me ka ɗaura.

Iyayenmu mata da 'yan'uwa mata, ku wannan magana ta fi shafa, domin dogon baƙin hijabi ko abaya yana rufe mutum daga kai har ƙasa, ba inda haske zai kama. Ba sai kin bar shigarki ba. Ki sa tela ya ɗinka siririn layi, faɗin yatsa biyu, a bakin hijabin ta ƙasa, ya zagaye gaba da baya, da kuma bakin hannu in mai hannu ne. Bakin hijabi yana kaɗawa da kowane taku, kuma daidai wurin ne fitila ke fara sauka. Da rana layi ne mai ruwan toka wanda ba ya jan ido. In ba kya son a taɓa hijabin, ɗaura madaurin a wuyan hannu da jikin jaka, ki kuma riƙe tocila.

Sa rifilekta ba wani sabon abu ba ne a duniya. A Finland yara da manya suna rataya rifilekta a jikin rigar sanyi. A Poland tun 2014 doka ta wajabta ta ga duk mai tafiya a gefen hanya bayan gari in duhu ya yi.

Mataki na huɗu: tocila

Rifilekta sai an haska ta take aiki. Babur ko A Daidaita Sahu da ke tafe ba fitila ba zai gan ta ba. Shi ya sa tocila ke da nata matsayi, ko da ta waya ce. Riƙe ta a hannun da ke ɓangaren titi, ka karkatar da ita ƙasa gabanka, ka bar hannun ya yi lilo yadda ya saba. Kada ka dalla wa direba ita a fuska. In ka kashe masa ido, kai ka fi kusa da cutuwa.

Mataki na biyar: hannun da za ka bi

In akwai dakalin masu tafiya a ƙasa, bi shi. In babu, bi hannun da za ka fuskanci motoci. Tun Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, haka ake yi a Nijar da Gana da Kamaru da Cadi. Saboda haka kai hannun hagu za ka bi, motocin da ke kusa da kai suna zuwa ta gabanka. Kana ganin motar da ta kauce, kana da damar yin tsalle gefe. Mutum biyu ko uku ku jeru ɗaya bayan ɗaya, kada ku yi kafaɗa da kafaɗa kuna hira. Yaro kuma a riƙe hannunsa, a sa shi ɓangaren da ba titi ba.

Duk da haka kada ka saki jiki da bayanka, don masu bin hannun da ba nasu ba suna da yawa, musamman 'yan babur. Cire abin jin sauti daga kunne. Lokacin hunturu, in ka naɗe kai da rawani ko hular sanyi, ka san ka rage ji, sai ka yawaita waiwaye.

Mataki na shida: tsallakawa

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da dare wannan magana ba ta aiki a kan gudun mota. Fitila biyu da ke tahowa kai tsaye ba sa nuna saurinsu sai sun matso. Mota mai ido ɗaya kuma sai ka ɗauka babur ce, ka ba ta ɗan wuri, alhali rabin jikinta yana cikin duhu.

Titi mai layi biyu faɗinsa kamar mita 7 ne, mai lafiya yana tsallake shi cikin daƙiƙa 6. A wannan lokacin mota mai gudun 100 ta ci kusan mita 170. Tsoho, ko mai ɗauke da kaya, ko mai goyo, yana iya buƙatar daƙiƙa 10, wato mita 280. Ga dabarar da za ta maye maka gurbin ido: kafin ka sa ƙafa, zaɓi wata alama a can, kamar falwaya ko teburin mai shayi. Bari mota ɗaya ko biyu su wuce kana ƙirga daga lokacin da suka gifta alamar zuwa lokacin da suka iso gabanka. In ƙirgarka ba ta kai goma ba, alamar ta yi kusa, zaɓi wata mai nisa. Daga nan, duk motar da ta riga ta wuce alamarka, bar ta ta tafi.

Nemi wuri mai haske kuma miƙaƙƙe, nesa da kwana da gangara. In akwai gadar sama, hau ta ko da ƙafa ta gaji. Kada ka fito daga tsakanin motocin da aka ajiye, ko ta gaban motar da ta sauke ka. Bari ta tafi tukuna. Tsallaka a miƙe, kada ka yanka a karkace, don karkacewa tana ƙara maka lokaci a kan kwalta.

Akwai wani abu da direbobi da yawa ma ba su lura da shi ba. An ƙera gajeriyar fitila ta fi jefa haske a hannun dama na titi, ta rage a hagu don kada ta kashe idon mai tahowa. Ma'ana, rabin farko na tsallakawarka kana ɓangaren da direban kusa ya fi haskawa, amma a rabi na biyu kana shigo wa direban can ta hagunsa, inda haskensa ya fi rauni. Rabi na biyu ya fi haɗari. Mafi muni kuma shi ne tsayawa a kan layin tsakiya, motoci na wucewa ta gaba da baya. Kowane direba fitilar ɗan'uwansa na dukan idonsa, kai kuma kana tsakiyar hasken biyu, ba wanda ke ganinka. Ido yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya dawo daidai bayan irin wannan haske, na tsoho ya fi daɗewa. In titin ba shi da dakali a tsakiya, kada ka fara sai hannu biyun sun ba ka dama a tare.

Mataki na bakwai: lokutan da za ka ninka hankali

A ƙasashenmu duhu ba ya jira. Daga faɗuwar rana zuwa duhu minti ashirin da 'yan kai ne. A tsakanin nan direbobi da yawa ba su kunna fitila ba, sama da sauran haske, ƙasa kuwa ta yi duhu, kowa na sauri ya samu magariba. Da azumi abin ya fi tsanani, ga gaggawar buɗa baki, ga tarawihi, ga tahajjud a goman ƙarshe, lokacin da mata da yara ke cika hanya da tsakar dare. Fitar asuba ma haka, don a lokacin ne direban da ya kwana a hanya ke gyangyaɗi.

Da damina jiƙaƙƙiyar kwalta tana watsa hasken fitila gaba maimakon ta mayar wa direba, birki kuma yana ƙara tsawo. Da hunturu hazo ke mayar wa direba haskensa a fuska, sai ya koma gajeriyar fitila. A duka biyun, lissafin mataki na farko ya ƙara taɓarɓarewa.

In motarku ta lalace a hanya da dare, kun zama masu tafiya a ƙasa. Ku fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, ku matsa can cikin jeji, kada ku tsaya a bayan motar ko a gabanta. Ganyen da ake zubawa a kan kwalta da rana ake ganinsa. A ajiye alamar nan mai kusurwa uku kamar taku ɗari a baya, wanda zai kai ta kuma ya bi gefe da tocila a hannu. In haɗari ya auku, lambar hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, ita ce 122.

Ga mai tuƙi

Kai ma in ka ajiye mota mai tafiya a ƙasa ne. Yi gudun da za ka iya tsayawa a cikin iyakar haskenka. Da gajeriyar fitila a cikin gari ko ƙauye, wannan bai wuce 50 ba. In ba mota a gabanka, kunna doguwar fitila, ka rage ta da zarar ka hango mai tahowa. Goge gilashin gaba ciki da waje, don maiƙon ciki ne ke watsa haske. Murfin fitilar da ya yi jaja-jaja a wanke shi ko a canza, a kuma daidaita fitilar bayan kowane gyara. In wani ya dallare ka, sauke idonka kan bakin titi na dama, ka ɗaga ƙafa daga totur. Idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ɗan shekara 20 ke samu yake karɓa, don haka in ka fara ganin fitilu na bajewa, je a duba maka yanar ido ko dundumi.

Abin da unguwa za ta iya yi

Naɗi ɗaya na yadin rifilekta yana isar mutane masu yawa. Kwamitin masallaci ko na makarantar dare zai iya saye, a kira tela ɗaya ya zauna yini guda. A fara da 'yan Islamiyyar dare, da almajiran da ke yawon neman abinci bayan isha'i, da yaran da ke talla a bakin hanya. Sai masu tura baro, 'yan ga-ruwa, masu amalanke da masu keke, a manna musu tef a baya da gefen abin hawansu. Makiyayin da ke tsallakar da garke ya naɗa a sandarsa da ƙafarsa.

Rifilekta tana tsufa. Wanki da goga da ƙura suna cinye ƙwayoyin jikinta. A wanke ta da hannu cikin ruwan sanyi, kada a dirje, kada a ɗora mata dutsen guga mai zafi kai tsaye. Duk bayan wata biyu ko uku a sake gwada ta da tocila a gefen ido daga taku ashirin, wadda ta dushe a farke ta a ɗinka sabuwa.